A Nuna wa Ƴan Makaranta Maƙera Tun Kafin Jarrabawa Ta Kayar da Su

Kowace shekara, idan damina ta kankama, sakamakon jarrabawar BEPC da ta bakalorea ya fito, gidajen Maraɗi da Damagaram da Tawa da Yamai sukan kasu gida biyu. A wasu gidajen guɗa ake yi, ana shigowa barka. A wasu kuwa shiru ne, sai bayan sallar isha'i maigida ya kira ƙannensa shawara, kuma kusan kullum maganar da ake tashi a kanta ɗaya ce: tun da karatu ya ƙi, sai a kai yaron gareji ko wajen mai walda, ko Allah ya sa ya samu abin yi. Wanda ya saurari wannan magana da kyau ya gama fahimtar yadda ake raba wa yara hanyar rayuwa a Nijar. Aikin ƙarfe da na inji ba hanya ce da ake nuna wa yaro ya zaɓa ba, rami ne da ake tura shi bayan an fid da rai da shi.

Wannan ɗabi'a tana jawo wa ƙasa asara ta fuska biyu. Yaron da aka kai gareji da sunan horo yakan shiga sana'ar da karyayyar zuciya, ba tare da lissafi da zanen da za su ɗaga shi ba. Yaron da ya ci jarrabawa kuwa yakan wuce lise da jami'a bai taɓa ganin yadda ake sassaƙa ƙarfe ba, ko da kuwa Allah ya yi masa baiwar da za ta mai da shi babban injiniya. Maganin abin ba ya buƙatar taron ƙasa ko rancen Bankin Duniya kafin a soma shi. Abin da ake bukata shi ne a kai yaro wurin da ake aikin tun yana ajin farko na koleji, yana da maki mai kyau, yana da zaɓi, ya gani da idonsa, ya taɓa da hannunsa. Gani ya kori ji, kuma mutum ba ya sha'awar abin da bai taɓa gani ba.

Inda aka samo raina aikin hannu

Makarantar da Turawan mulkin mallaka suka kafa ba don ƙera inji suka kafa ta ba. Akawu suke so, da tafinta, da malamin makaranta, da ma'aikacin asibiti. Bayan samun ƴancin kai a 1960 gwamnati ta gāji wannan tsari, kuma tana da hujja a lokacin, domin ofisoshi sun yi yawa, masu takarda sun yi kaɗan. Da kuɗin uranium suka shigo a shekarun 1970, duk wanda ya fito da difloma aikinsa na jiransa. A wannan zamani ne iyaye suka haddace darasin da har yau ba su manta ba, wato alƙalami albashi ne, guduma kuwa wahala.

To amma zamanin ya wuce tun tuni. Farashin uranium ya faɗi a farkon shekarun 1980, aka shiga tsarin tsuke bakin aljihu, gwamnati ta daina kwasar duk mai takarda. Ɗaliban da suka yi jerin gwano a gadar Kennedy ran 9 ga Fabrairu 1990, inda aka kashe 3 daga cikinsu, suna kuka ne da sauye-sauyen da za su ƙuntata karatu da makomar masu karatu. Babban taron ƙasa na 1991 ya buɗe ƙofar jam'iyyu da ta jaridu, amma bai iya buɗe ƙofar baitulmali ba. Ma'aikatan da suka yi aiki a shekarun 1990 ba su manta da bashin albashi na watanni ba, ɗaliban lokacin kuma ba su manta da shekarun karatun da suka tafi a banza ba. Daga bisani aka shiga ɗaukar malaman kwantaragi, aka saba da ganin mai lasisin jami'a yana zaman jiran kwankur shekara da shekaru. Ofis ya cika, amma mafarkin ofis bai ragu ba ko kaɗan. Ƙidayar 2012 ta samu mutum fiye da miliyan 17 a Nijar, kusan rabinsu ba su kai shekara 15 ba. Babu gwamnatin da za ta iya saya wa wannan ɗimbin yara teburi da kujera, ko wace jam'iyya ce ta kafa ta, ko farar hula ce ko soja.

Ƙasar maƙera ce tun asali

Abin mamaki shi ne raina ƙarfe baƙon abu ne a wannan ƙasa. Masu binciken kayan tarihi sun gano wuraren narka tama a duwatsun Tarmit, a gabashin ƙasar, waɗanda ake lissafawa cikin mafi daɗewa a nahiyar Afirka. A Adar, maƙera sun daɗe suna haƙo tama su narka ta a rahoniya, su fid da ƙarfen da ake ƙera hauya da gatari da mashi, tun kafin a san tsohon ƙarfen mota. Sarkin Damagaram Tanimu, wanda ya rasu a 1884, ya sa an zuba masa igwa a cikin birninsa, da hannun maƙeran ƙasarsa. Sarautar Sarkin Maƙera ba ado ba ce a fadar Hausa, domin manomi ba ya shiga gona, mayaƙi ba ya fita fage, sai maƙeri ya gama nasa aikin.

A zamanin baya-bayan nan ma an ga abin da hannun gida ke iya yi idan aka haɗa shi da ilimin inji. Kafin zuwan mulkin jam'iyyu an kafa wuraren ƙera kayan noma, ACREMA a Tawa, UCOMA a Damagaram, C-DARMA a Dosso, inda aka riƙa fid da amalanke da garmar shanu. Murhun Mai Sauƙi, wanda aka yaɗa a shekarun 1980 don rage cin itace, ƙananan maƙeran birni ne suka riƙa yanka shi daga tsohon tol. A ƙarshen shekarun 1990 famfon ƙafa da aka laƙaba wa suna Niyya da Ƙoƙari ya shiga fadamu, kuma a ƙananan wuraren walda na cikin ƙasa aka riƙa haɗa shi. Duk wanda ya ratsa kasuwar Katako a Yamai ya san yadda gangar ƙarfe ke zama akwati, tsohon fistan ya zama tukunya. Ba hazaƙa ce ta yi ƙaranci ba. Abin da ya yi ƙaranci shi ne gadar da za ta haɗa wannan hazaƙa da ajin makaranta.

Sana'ar ba ɗaya ba ce, tsani ce

Mafi yawan iyaye, har da masu ilimin boko, idan aka ce aikin ƙarfe abin da ke zo musu a rai shi ne yaro mai baƙar riga tsugune a bakin titi yana walda ƙofa. Wannan matakin farko ne kawai na tsani mai hawa da yawa, kuma rashin sanin sauran matakan ne ya sa ba a nuna wa yara su.

Akwai mai zanen inji, wanda ke zana kowane yanki ta gaba da ta sama da ta gefe, ya rubuta awonsa, ta yadda ma'aikacin da bai taɓa ganinsa ba zai ƙera abin daidai. Akwai mai aiki da injin sassaƙa ƙarfe, wanda masu sana'ar ke kira tur, inda ƙarfe ke juyawa wuƙa na fere shi har ya zama sandar inji ko noti. Akwai mai yanka haƙoran giya. Akwai mai naɗe tol ya mai da shi tankin ruwa ko na mai. Akwai mai zubi, wanda ke narka ƙarfe ya zuba a cikin ƙirar yashi. Akwai mai walda na ƙofa da taga, akwai kuma mai waldar bututun da ke ɗauke da mai, wanda ake haska aikinsa da na'urar hoton ƙashi don a tabbatar babu ko ƙaramin rami a ciki. Akwai makaniken da ke kula da injunan masana'anta, wanda aikinsa ba gyara abin da ya lalace ba ne kawai, hana shi lalacewa ne. A saman tsanin akwai injiniya, mai lissafa nauyin da ƙarfe zai ɗauka, da zafin da zai jure, da shekarun da zai yi kafin ya gaji.

Kowane mataki yana da takardarsa: CAP da BEP ga ƙwararren ma'aikaci, bakalorea ta fasaha, BTS ko DUT ga babban ma'aikacin fasaha, sa'annan diflomar injiniya. Makarantun ma akwai su. Lisen fasaha na Ɗan Kasawa yana Maraɗi. Makarantar EMAIR tana Agadas. EMIG, wadda ta buɗe ƙofarta a Yamai a 1990, tana horar da injiniyoyi har da na fannin inji. An buɗe cibiyoyin fasaha na jami'a a Maraɗi da Tawa da Damagaram a 2008, kafin a mai da garuruwan uku masu jami'o'in kansu a 2010. A ƙasa kuma akwai kolejojin fasaha na CET da cibiyoyin koyon sana'a na CFM a ƙananan hukumomi. Sai dai ɗan aji 3 na koleji da ke cika takardar zaɓin makoma yakan ji sunan A da C da D tun yana ƙarami, alhali reshen E da na F sai ya yi sa'ar malami mai kula kafin ya ji labarinsu.

Hannu babu takarda, takarda babu hannu

A kowane babban gari akwai rukunin matasa biyu da ke wuce juna kullum ba su san cewa kowannensu na riƙe da rabin abin da ɗayan ya rasa ba.

Na farko ɗan koyo ne a gareji. Ya yi shekara 5 ko 7 wajen maigidansa, yana gane ciwon inji da kunne, yana kwance shi ya ɗaura ido rufe. Amma idan aka miƙa masa zane ba ya iya karantawa. Idan aka ce sandar inji ta zama milimita 25 daidai, da sassaucin da bai wuce kashi 2 cikin 100 na milimita ba, wato abin da bai kai kaurin silin gashi ba, ba shi da ma'aunin da zai gwada, ba a kuma taɓa gaya masa dalilin da ya sa wannan ɗan bambanci ke sa boris ya zauna daram ko ya cinye cikin mako biyu ba. Yana iya kwaikwayon abin da ya gani, amma ba ya iya yin guda 100 masu kama da juna, kuma wannan shi ne iyakar da ke tsakanin rumfa da masana'anta.

Na biyu ɗan lise ne. Ya san lissafin kusurwa, ya haddace dokokin motsi, yana iya rubuta cewa alminiyam na narkewa a zafin digiri 660, baƙin ƙarfe kuwa sai wajen 1,500. Amma bai taɓa tsayawa ya lura cewa wannan ne dalilin da ya sa masu zubin Katako ke narka alminiyam da gawayi su yi tukunya, ba sa kuwa zuba baƙin ƙarfe haka ba. An koya masa cewa ɗan kabon da ke cikin ƙarfe, wanda bai kai kashi 2 cikin 100 ba, shi ke sa ya yi tauri idan aka gasa shi ya yi ja aka tsoma a ruwa. Bai san cewa maƙerin unguwarsu yana aikata wannan darasi kowace safiya ba, lokacin da yake zaɓen sifirin mota don yin gatari ya ƙi ƙarfen gini, ya kuma sake ɗumama bakin gatarin kaɗan don kada ya yi tauri har ya tsage. Maƙerin ya san yadda ake yi, ɗalibin ya san dalili, babu wanda ya haɗa su zama ɗaya.

Ƙasashen da suka yi nisa a ƙere-ƙere ba wani sihiri suka yi ba illa haɗa waɗannan biyu. A Jamus matashi mai koyon sana'a yakan raba makonsa, kwana 3 ko 4 a masana'anta, sauran a aji, har shekara 3 ko fiye, ana kuma biyansa alawus yana koyo. Ba a kallon wannan hanya a matsayin ta wanda ya kasa, domin daga cikinta ake samun shugabannin ma'aikata da masu kamfani.

Darasin da 1994 da 2023 suka bayar

Ƴan kasuwa ba sa bukatar a tuna musu da ran 12 ga Janairu 1994. A dare ɗaya faran na Faransa ya tashi daga sefa 50 zuwa sefa 100, duk kayan gyaran da ake sayowa daga Turai kuɗinsu ya ninka. Motoci da injunan niƙa da famfunan ƙauye da yawa suka tsaya saboda ɗan ƙarfen da bai fi tafin hannu ba. Waɗanda suka ci ribar lokacin su ne ƴan tsirarun da ke da injin tur da hannun da ya iya shi.

Bayan shekara kusan 30 darasin ya dawo. Da aka yi juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, ƙungiyar CEDEAO ta ƙaƙaba takunkumi, aka rufe iyakoki, Najeriya ta yanke wutar da ke ba Nijar kaso mafi yawa na lantarkinta, kayan da ke tashar Kwatano suka maƙale. Har aka ɗage takunkumin a Fabrairu 2024, kowane janareto da kowane injin ban ruwa ya dogara ne ga wanda zai iya raya shi da abin da ke hannu. Ko mutum yana goyon bayan abin da ya faru ko yana adawa da shi, gaskiya ɗaya ta fito fili: ƙasar da ba ta da gaɓar teku, wadda tashar jirgin ruwa mafi kusa da babban birninta ke da nisan kilomita 1,000 da ɗoriya, ba ta da ikon raina mai ƙera noti. Ana yawan maganar ƴancin kai a dandalin taro, amma ƴancin da ke jiran kwantena kafin famfo ya ba da ruwa, da sauransa. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Ayyukan kuma ba na mafarki ba ne. Matatar mai ta SORAZ kusa da Damagaram, wadda aka buɗe a 2011 da ƙarfin tace ganga 20,000 a rana, tarin bututu ne da tankuna da famfuna masu bukatar kulawa dare da rana. Haka tashar kwal ta SONICHAR a Cirozerin, da masana'antar siminti ta Malbaza, da tashar lantarki ta Gorou Banda. Bututun mai da ya tashi daga Agadem zuwa gaɓar tekun Benin, wanda ya soma aiki a 2024, ya kusa kilomita 2,000. Idan aka yi lissafi da tsawon mita 12 da aka saba yi wa irin waɗannan bututu, mahaɗar da aka yi wa walda ta haura 160,000. Kamfani ba ya damƙa irin wannan aiki sai ga wanda ya ci gwaji ya riƙe takardar shaida. Idan ya samu a gida ya ɗauka, idan bai samu ba ya ɗauko daga waje, ƴan ƙasa su tsaya ga gadi da dako. Yaron da zai riƙe wannan takarda nan da shekara 10 yana aji 6 a yau, kuma babu wanda ya gaya masa akwai ta.

Hujjojin masu ja da baya

Akwai masu cewa ƙira gadon gida ce, ɗan wane ba ya taɓa guduma. Gaskiya ne a wasu al'ummomin ƙasar nan maƙera rukuni ne na daban, har aure ba a cika haɗawa da su ba. Amma wanda ya ƙi ɗansa ya koyi aikin inji saboda wannan dalili, shi ne kuma ke shiga jirgin sama zuwa Makka ya damƙa ransa ga aikin masu walda da bai san asalinsu ba. Fatauci ma a da yana da gidajensa, yau kuwa kowa na yi.

Akwai masu cewa injuna na da tsada, wuta ba ta tsayawa, makarantun fasaha da dama kayan aikinsu sun tsufa. Wannan ma gaskiya ne, kuma horar da ɗalibin fasaha ya fi horar da ɗalibin adabi cin kuɗi nesa ba kusa ba. Sai dai kai yara su ga wurin aiki ba ya cin kuɗin inji. Magagari da zarton ƙarfe da ma'auni da matsi ba sa bukatar lantarki, kuma da su ake fara koyon sana'ar a ko'ina cikin duniya. Bugu da ƙari, ɗalibin adabin da ya yi araha a aji yakan yi tsada daga baya, idan ya shekara 5 a gida yana cin tuwon mahaifinsa.

Akwai masu cewa kayan Sin sun cika kasuwa, ba wanda zai iya gasa da arharsu. Ba a ce Maraɗi ta ƙera babur gobe ba. Amma kowane babur da kowane injin ban ruwa da aka shigo da shi, aikin gyara ne na shekaru ya shigo tare da shi. Kuma akwai kayan da nauyinsu da girmansu ke sa kawo su daga nesa ya zama hasara, irin su tankin ruwa, da amalanke, da ƙafafun allon hasken rana, da rumbun ƙarfe, da injin sussuka da ya dace da gero.

Hujjar da ta fi nauyi ita ce ta uwaye, masu tsoron lafiyar ƴaƴansu. Suna da gaskiya. Hasken walda yana ƙona ido idan babu gilashin kariya, hayaƙin tol mai rufin tutiya yana sa zazzaɓi, tankin mai da ba a wanke ba yana fashewa idan wuta ta taɓa shi. Ana kuma ganin ƙananan yara a gareji suna aikin da ya fi ƙarfinsu, ana kiran abin koyo. Amma wannan hujja ce ta shigar da makaranta cikin sana'ar, ba ta nisanta ta ba, domin darasin farko da makarantar fasaha ke koyarwa shi ne yadda ma'aikaci zai koma gida da idonsa biyu da yatsunsa goma.

Abin da ya rage ga kowa

Ga ma'aikatun da ke kula da ilimi, aikin a bayyane yake. Dokar tsarin ilimi ta 1998 ta riga ta sa koyon sana'a cikin tsarin, saura a fid da shi daga takarda. Ya kamata kowane koleji ya kai ɗalibansa, maza da mata, ziyarar wurin aikin ƙarfe ko makarantar fasaha aƙalla sau ɗaya a kowane zango, tun daga aji 6. Ya kamata ɗan aji 4 ya yi mako guda na hutu a wurin aikin da hukuma ta tantance, ya dawo ya ba da labari a gaban aji. Malamin lissafi ya shigo da noti da ma'auni cikin darasinsa. A gayyato tsofaffin ma'aikatan Arlit, musamman waɗanda suka dawo gida bayan rufe COMINAK a 2021, su zauna da yara su faɗa musu abin da hannunsu ya gina da abin da ya saya musu. Mafi muhimmanci, a daina ajiye makarantun fasaha don masu ƙaramin maki. A ware guraben bursu masu tsoka ga waɗanda suka zo na farko a aji suka zaɓi reshen inji, a kuma buɗe hanya daga CAP har zuwa EMIG, ta yadda wanda ya shiga ta ƙasa ba zai tarar da rufin ƙarfe a kansa ba. Ƴan mata kuwa kada a tsayar da su ga ɗinki da girki, domin zanen inji da awo da sarrafa tur natsuwa suke so, ba ƙarfin damtse ba.

Ga ƴan kasuwa, maganar ta riba ce kafin ta zama ta taimako. Alhajin da ke da manyan motoci 20 ya san abin da yake asara duk ranar da ɗaya ta kwana a gareji tana jiran kaya daga Kano ko Lome. Kuɗin mota guda ya isa a kafa wurin aiki mai injin tur da na walda, a ɗauki yaran da suka fito makarantar fasaha, a gyara na gida a kuma karɓi na waje. Alhazan Maraɗi sun gina masallatai da makarantu, Allah ya saka musu. Sayen inji ga lisen fasaha, ko ɗaukar nauyin ɗalibai 10 a reshen inji, shi ma sadaka ce mai gudana. Kamfanoni na biyan harajin koyon sana'a, an kuma kafa asusun FAFPA don tallafa wa horo. Haƙƙin ƙungiyoyin ƴan kasuwa ne su bi sawun wannan kuɗi, su nemi a ba su bayanin inda ya shiga da irin ma'aikatan da ya fitar.

Ga ma'aikatan gwamnati kuwa, maganar ta fi ɗaci. Su ne ke rubuta jawaban da ake karantawa ranar bikin raba takardun shaida, inda ake yabon sana'ar hannu da kalmomi masu daɗi. Su ne kuma, idan ɗansu ya samu gurbi a makarantar fasaha, ke zagaya ofisoshi da daddare a mai da shi lise na gama-gari. Wanzami ba ya son jarfa. Talaka yana kallon abin da manya ke yi da ƴaƴansu, ba abin da suke faɗa a rediyo ba. Ranar da aka ga ɗan darakta da ɗan alƙali sanye da shuɗiyar rigar aiki, ba don sun faɗi jarrabawa ba sai don sun zaɓa, ranar ce gardamar za ta ƙare ba tare da an kashe ko dala wajen wayar da kai ba.

Maƙera sun ce da zafi-zafi ake dukan ƙarfe. Yaro ɗan shekara 12 da ke kwance rediyon gidansu don ya ga abin da ke ciki, ko yake ƙera mota da gwangwani da waya, ƙarfe ne mai zafi. Idan aka bar shi har ya kai 20, ya faɗi bakalorea sau biyu, sa'annan aka ja shi zuwa gareji, an zo da guduma bayan ƙarfe ya huce. Allah ya ba iyaye da hukuma ikon ganewa tun da sauran wuta a maƙera.